Mu Tuna da Kaka Ranar Kasuwa



Idan kin tafi gona ko rijiya, wa kike bar wa yaro? Kaka. Ita ke goya shi, ita ke ba shi kunu. Ranar da ta faɗi ta kwanta jinya, ko ta rame don ta kasa cin abinci, yaron ma zai ji a jikinsa. Alhali kayan da za su tallafe ta ba su da tsada.

Idan haƙora sun zube, ki sayi rariya da ƙaramin turmi, a tace kunu, a daka ƙuli-ƙuli da busasshen zogale a zuba a miya. Idan hannu na rawa, kofi mai mariƙi mara nauyi ya fi ƙwarya. Tsofaffi ba sa saurin jin ƙishirwa, ko da a tsakiyar bazara, don haka a ajiye mata ruwa mai tsabta cikin gora mai murfi kusa da shimfiɗarta.

Hanyar makewayi cikin dare na da hatsari, kuma karayar ƙugu a tsufa na da wuyar warkewa. Fitila mai cajin rana, sanda mai roba a gindi, takalmi mara santsi da kujerar wanka mai ɗan tsayi suna rage wannan hatsari.

Ba sai an saya lokaci guda ba. Kowace kasuwa abu ɗaya, ko daga kuɗin asusu.

Masu faɗakarwa, idan kun auna damtsen yaro, ku tambaya: “Inna, me kika ci yau?”

Allah Ya ba mu albarkacin iyayenmu.