Zafi da Lokaci: Kashe Ƙwayoyin Cuta a Madara da Ruwan Ƙwai



Kashe ƙwayar cuta ba wuya, wuta ma tana yi. Inda gizo ke saƙar shi ne a kashe ta ba tare da an ɓata abincin ba. Madara, ruwan ƙwai da madarar waken suya duk furotin ne a cikin ruwa, ita ma ƙwayar cutar da furotin aka gina jikinta. Zafin da zai hallaka ta yana iya dafa abincin.

Ku duba ƙwai. Farinsa yakan fara daskarewa da zarar zafi ya ɗan haura digiri 60. Saboda haka a Amurka ake riƙe kaɗaɗɗen ƙwai a digiri 60 na minti uku da rabi: ƙwayar cutar Salmonella ta mutu, ƙwan kuma bai kama ba. A ƙara wuta kaɗan, sai a wayi gari da wainar ƙwai a cikin bututun inji.

Madara ta fi haƙuri. Louis Pasteur na Faransa ya fara aikin kashe ƙwayoyi da zafi a kan ruwan inabi a shekarun 1860, sannan a 1886 Franz von Soxhlet ya ba da shawarar a yi wa madarar jarirai. Birnin Chicago ya mai da shi doka a 1908. Ƙa'idar yau ita ce digiri 63 na minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15. Ba da ka aka tsayar da waɗannan lambobi ba. Da farko ƙwayar tarin fuka ta shanu aka auna. A shekarun 1950 aka gano ƙwayar zazzaɓin Q ta fi ta jure zafi, aka ɗaga ma'aunin.

Akwai hanyar da ba ta wuta. Tun 1899 Bert Hite ya gwada matsa madara da ƙarfi, yau kuma injuna na matsa abinci da megafaskal 600. Sai dai injin da tsada, kuma ƙwayoyin da suka yi wa kansu ɓawo suna tsira.

Abin da ya dame ni yana kusa da mu. Mai kindirmo da ke tafasa madara kafin ta zuba iri ta yi daidai, ta rufe wa tarin fuka da bakkale ƙofa. Amma tsami shi kaɗai ba ya ba da tabbacin haka, don haka nonon da aka kwantar da ɗanyar madara abin tsoro ne ga mai ciki da yaro. Ko wadda aka tafasa, idan aka juye ta a ƙwaryar da ba a ɗauraye da ruwan zafi ba, ko aka sirka ta da ruwan rafi, aiki ya koma baya.

Roƙona ga masu ƙananan kamfanonin yogot: ku mallaki ma'aunin zafi da agogo, ku rubuta zafin kowace tukunya da mintocinta, ku sanyaya kaya zuwa digiri 4 da zarar ya kama.