Gado da Tsawon Rai

Jama'a, rai na Allah ne, amma komai da sanadinsa. Akan ce gidan su wane suna da tsawon rai. Akwai gaskiya a ciki. A 1996 masana a ƙasar Danmak sun bi tarihin tagwaye, suka ga rabon gado kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne. Saura ya danganta da irin su abinci, ruwan sha da shan taba.

Gadon da ya fi yanke ran yara a ƙasarmu shi ne sikila. Idan miji da mata duk AS ne, a kowane ciki akwai haɗarin ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS. Su iyayen lafiyarsu lau, ido ba ya ganewa. Sai an auna jini, tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. Jihar Kano ta wajabta wannan gwaji a 2024.