Bombay ta shekarun 1970: wa ya gina birnin, wa ya kwana ƙarƙashin gada?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon saboda waɗanda data ba ta kai su sauraro ba.

Yau hirar fim za mu yi, fim ɗin Indiya, amma ba na yanzu da kuke kallo da fassarar Hausa a waya ba. Za mu koma can baya, zamanin da iyayenmu ke bin layin tikiti a Plaza da Orion a Kano. Birni ɗaya za mu tsaya a kai, wato Bombay, wadda aka mayar da sunanta Mumbai a 1995, kuma shekara goma kacal za mu duba, daga 1970 zuwa 1979.

Sai an san halin da garin yake ciki kafin a gane finafinan. A ƙidayar 1971 mutanen Bombay sun kusa miliyan 6, kuma kullum jirgin ƙasa sai ya sauke wasu sababbi daga ƙauyuka, kowa da ƙunshinsa, ana neman aiki a masaƙu ko tashar jiragen ruwa. A 1973 farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabi a duniya, kayan masarufi suka bi shi. A watan Mayun 1974 ma'aikatan jirgin ƙasa sama da miliyan 1 suka shiga yajin aiki ƙarƙashin George Fernandes, gwamnati ta murƙushe su cikin kusan mako uku, ta kama dubbai. Ranar 25 ga Yunin 1975 kuma Indira Gandhi ta sa aka kafa dokar ta-ɓaci, aka toshe bakin jaridu, aka cika kurkuku da 'yan adawa har zuwa 1977. To ku ɗauki matashin da ya gama makaranta a wannan lokaci, takarda a hannu, aljihu ba ko sisi. Shi ne ke sayen tikitin silima.

Kafin nan jarumin da ke tashe shi ne Rajesh Khanna, mai murmushi da waƙar soyayya cikin furanni. Sai ga Zanjeer a 1973, wanda Prakash Mehra ya ba da umarni, Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta. Suka kawo wani dogon saurayi, Amitabh Bachchan, a matsayin ɗan sanda mai suna Vijay, ba ya fara'a, ba ya rawa, zuciyarsa a wuya. Daga nan aka laƙaba masa sunan fusataccen matashi.

Amma fim ɗin da nake so mu daɗe a kansa shi ne Deewaar, wato katanga, na Yash Chopra, wanda ya fito a Janairun 1975, wata biyar kafin dokar ta-ɓaci. Mutane da yawa faɗan suke tunawa. Ni kuwa farkon fim ɗin nake so ku sake kallo. Uban yaran shugaban ƙungiyar ƙwadago ne, mai gaskiya, ma'aikata sun amince da shi. Masu kamfani suka kama matarsa da 'ya'yansa, suka ce ko ya sa hannu ya sayar da haƙƙin ma'aikata ko ya rasa iyalinsa. Ya sa hannu. Ma'aikatan suka yi masa dukan kawo wuƙa, ya gudu ya bar gari don kunya, wasu kuma suka kama babban ɗansa Vijay suka zana masa a hannu cewa ubansa ɓarawo ne. Zanen da ba ya gogewa fa.

Uwar, wadda Nirupa Roy ta fito a matsayinta, ta kwashi yaran zuwa Bombay. Ina suka sauka? Ƙarƙashin gada. Ita tana dakon bulo a wajen ginin wani dogon bene, Vijay yana shushaina don ƙaninsa Ravi ya yi karatu. Akwai wurin da wani attajiri ya jefa masa kuɗin goge takalmi a ƙasa, yaron ya ƙi ɗauka sai an miƙa masa a hannu. Da ya girma ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa, da lambar aiki 786, lambar da Musulmin yankin can ke ɗauka a matsayin lissafin haruffan Bismillah. 'Yan daba na karɓar haraji daga hannun 'yan dako duk ranar biyan kuɗi. Vijay ya ƙi biya, ya bi su har rumbunsu, ya kulle ƙofa da kansa, ya yi musu lilis. Daga nan wani uban fasa-ƙwauri ya ɗauke shi aiki. An daɗe ana danganta labarin da rayuwar Haji Mastan, wanda shi ma daga dako a tashar ya zama hamshaƙin ɗan fasa-ƙwauri.

Da kuɗi suka zo, me Vijay ya saya? Benen nan da uwarsa ta yi wa dakon bulo. Wallahi a ganina duk labarin Bombay na wannan zamani yana cikin wannan ciniki. Wadda ta ɗauki bulon ba ta da ko ɗaki ɗaya a ciki, ɗanta kuma bai samu hanyar shiga ba sai ta haram. Uwar ma ta ƙi zama da shi, ta bi Ravi, wanda Shashi Kapoor ya taka, ɗan sanda mai ɗan albashi.

Kuma marubutan ba su bar Ravi ya sha da daɗi ba. Ya taɓa harbin wani yaro da ke gudu da kayan sata, da ya duba sai ya ga burodi ne, iyalinsa ke fama da yunwa. Doka ke nan, tana iya cim ma ɓarawon burodi cikin minti ɗaya.

To ga inda nake da ja da waɗannan finafinai, duk da ina son su. Ku lura, mutumin da ya tara ma'aikata don su nemi haƙƙinsu tare, an karya shi tun kafin labari ya yi nisa. Wanda aka bar mana mu tafa wa shi ne mai faɗa shi kaɗai. Vijay ya doke 'yan daba, amma ladan ɗan dako bai ƙaru da ko anini ba, shi ɗaya ya fice. A ƙarshe ƙaninsa ya harbe shi, ya mutu a jikin uwarsa a wurin bauta, aka ba Ravi lambar yabo. Ɗan kallo ya huce haushinsa na awa uku, ya fito, gari na nan yadda ya bar shi.

Ba duka finafinan ne na naushi ba. Amar Akbar Anthony na Manmohan Desai, 1977, ya ɗauki 'yan uwa uku da suka rabu suna yara, ɗaya ya tashi Hindu, ɗaya Musulmi, ɗaya Kirista, ga su a gadon asibiti suna ba mace ɗaya jini ba su san uwarsu ba ce. Likita zai yi dariya, amma an gane saƙon. Akwai kuma ƙananan finafinai da ba su yi tashe a nan ba. A Gharaonda na 1977, saurayi da budurwa ma'aikatan ofis suna tara kuɗin sayen ɗan gida don su yi aure, mai ginin ya cinye kuɗin. A Gaman na Muzaffar Ali, 1978, Farooq Shaikh ya bar matarsa a ƙauye ya zo tuƙin tasi, kuɗin komawa gida ma ya gagare shi tarawa. Duk wanda ke da ɗan uwa mai ci-rani a Legas ko Abuja, ba sai an yi masa fassarar wannan ba.

Su kuwa ma'aikatan gaske, shekara bakwai bayan Deewaar suka gwada hanyar uban Vijay. A Janairun 1982 ma'aikatan masaƙun Bombay kusan 250,000 suka tsunduma yajin aiki ƙarƙashin Datta Samant. Aka shafe fiye da shekara, masu masaƙu da gwamnati suka ƙi sassautawa, dubbai suka rasa aiki, masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Filayensu a unguwar Lower Parel yanzu dogayen benaye ne na ofisoshi da gidajen masu hali, tsohuwar masaƙar Phoenix kuma ta zama katafaren kantin zamani.

Wanda zai nemi Deewaar a ƙarshen makon nan, don Allah kada ya tsallake farkon don yana saurin ganin faɗa. Ku bar mana ra'ayinku a ƙasa, musamman waɗanda iyayensu suka kalle shi a silima. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.