Awon mama: jawabin mata 'yan kasuwa a taron cikar shekarar ƙungiya

Hajiya shugaba, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, 'yan uwa 'yan ƙungiya, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka zo taya mu murna, barkanmu da ganin wannan rana.

Lissafin zubi da riba ma'aji ta riga ta karanta, ba za mu maimaita ba. Mu na ɓangaren kasuwa, maganar da muka zo da ita ta ciwon dajin mama ce, wanda wasu ke kira sankara, a asibiti kuma a ce kansa. Ku yi haƙuri, mun san ba zancen ranar biki ba ne. To amma yaushe za mu sake taruwa da yawa haka, har da masu gida a wurin?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano ciwon a jikin mata miliyan 2.3 a duniya, kuma ya yi ajalin 670,000. A nan Najeriya shi ne dajin da ya fi kama mata. Kusan rabin waɗanda yake kamawa ba su da wani dalili sai cewa su mata ne kuma shekaru sun fara ja. Saboda haka "a danginmu ba a yi" ba katanga ba ce.

Awo na farko a hannunmu yake. Sau ɗaya a wata, bayan an yi wankan al'ada da 'yan kwanaki, mace ta tsaya gaban madubi ta duba, sannan ta lalluba maman duka biyu har cikin hammata. Wadda ta daina al'ada ta ɗauki rana guda, ko da ranar zubin ƙungiya ce, don kar ta manta. Abin nema shi ne ƙullutu, ko kaluluwa a hammata da ta ƙi sauka, ko kan nono ya shige ciki, ko jini na fita, ko fata ta koma kamar ɓawon lemo. Inda ake yaudararmu shi ne sau da yawa ƙullutun ba ya zafi. Mu kuwa 'yan kasuwa, abin da bai kwantar da mu ba ba ma rufe masa rumfa.

Amma hannu ba ya yanke hukunci. Yawancin ƙullutun da ake ji ba daji ba ne, kuma ba mai iya rabewa da taɓi kawai, ko da ungozoma ce da ta shekara talatin tana aiki. Shi ya sa likita ke tura mutum hoto, kuma hoton iri biyu ne.

Akwai sikanin, irin wanda ake mana lokacin awon ciki. A shafa ɗan mai mai sanyi, a goga na'ura, ba zafi ba allura. Yana nuna ko abin ruwa ne ya taru ko tsoka ce. Shi aka fi fara yi wa masu ƙananan shekaru, da masu ciki da masu shayarwa.

Sai mamogiram. Wannan hoton ƙirji ne na mama kaɗai. Ana ɗora maman tsakanin faranti biyu a matse shi na 'yan daƙiƙoƙi, yawanci hoto biyu kowane ɓangare. Ba za mu ɓoye muku ba, matsin ba daɗi, amma kafin ki gama salati an saki. Amfaninsa shi ne yana iya hango abu tun yana ƙarami, hannu bai kai ga jinsa ba, don haka likitoci da yawa ke ba da shawarar wadda ta kai shekara 40 ta fara yi ko lafiyarta ƙalau. Ranar da za a je kada a sa hoda ko man hammata, domin suna iya fitowa a hoton kamar wani abu. Mai jin kunya ta nemi ma'aikaciya mace, ba laifi ba ne.

Idan hoto ya nuna abin tuhuma, sai a sa allurar kashe zafi, a tsinko ɗan nama kamar tsinken ashana ko bai kai ba, a kai ɗakin gwaji a duba. Wannan kaɗai ke tabbatar da daji ne ko ba shi ba ne. A nan ne 'yan uwanmu ke gudu, wai daji ba ya son allura, da an taɓa shi sai ya fantsama. Daga nan a koma shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, wata shida, shekara, sai mama ya fashe a dawo asibiti a ɗauke. Iyayenmu, allurar ba ita ke yaɗa shi ba. Watannin da aka zauna a gida su ne.

Manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, suna da sashen hoto da ɗakin gwaji. A fara daga asibitin kusa a karɓi takardar turawa. Kuma a koma a karɓi sakamako! Mu da muka yi ajin yaƙi da jahilci muna iya karanta sunanmu da kwanan wata a takardar, sauran Turancin likita ne, sai a ce ya yi bayani da Hausa har a gane. Takardun da hotunan a adana su kamar katin zubi, domin da tsohon hoto ake gwada sabo.

Ga roƙonmu ga wannan taro. Abin da ke hana mu zuwa kuɗin mota ne, da kuɗin hoto, da cinikin yini guda da za a rasa. Muna so a ware asusun awo daga ribar bana, a riƙa ba mamba rance ba tare da an tambaye ta dalili a bainar jama'a ba. Mace ɗaya ta raka ta, wata ta tsare mata rumfa ranar. Ku kuma iyayen gida, idan ta ce ta ji wani abu a jikinta, a ba ta izini a satin nan, kada a ce sai bayan girbi.

Mun miƙa wa sakatariya wannan shawara a rubuce, muna fata a sa ta a zaman wata mai zuwa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.