Anjalika da Maganin Ɓacin Rai a Al'adar Turawan Arewa



Maƙasudin laccar yau shi ne mu duba wani tsiro da ake kira anjalika, wanda Turawa suka daɗe suna ɗauka maganin damuwa, mu auna abin da ya tabbata game da shi.

Shi dai wannan tsiro ɗan dangin karas ne, yana fitowa a ƙasashe masu tsananin sanyi kamar Norwe da Aisland, tsawonsa kan kai mita 2. Saiwarsa tana da ƙamshi mai ƙarfi da ɗan ɗaci. Sunansa ya samo asali daga kalmar Latin mai nufin mala'ika, domin akwai hikayar da ke cewa wani mala'ika ne ya nuna shi ga wani malamin Kirista a matsayin maganin annoba. A Norwe ta dā har lambu ake yi masa, doka kuma ta hukunta wanda ya sata. A shekarar 1611 wasu masu ibada a birnin Faris suka fara haɗa wani ruwan magani da anjalika da wani ganye mai ƙamshin lemun tsami, wanda aka riƙa sha don fargaba da faɗuwar gaba.

To, me binciken zamani ya tabbatar? A shekarar 1990 kwamitin gwamnatin Jamus mai tantance magungunan itatuwa ya amince da saiwar anjalika don rashin cin abinci da kumburin ciki. Bai amince da ita don ciwon damuwa ba. A nan ya kamata mu lura da hikimar harshenmu, wanda ya ajiye murna da ɓacin rai a cikin ciki, muka ce farin ciki da baƙin ciki. Mutumin da damuwa ta hana shi cin abinci, in ya sha abu mai ɗumi da ƙamshi cikinsa ya lafa, lalle zai ji sanyi a ransa. A ganina, daga nan ne sunan wannan tsiro ya yaɗu.

Amma akwai hatsari. Sinadaran da ke cikinsa kan sa fata ta ƙone idan rana ta buge ta. An hana mai juna biyu shan sa. Ɗan'uwansa na ƙasar Sin kan ƙara wa maganin tsinka jini ƙarfi har jini ya ɓalle. Haka kuma yana kama da wasu tsirrai na danginsa masu dafin kisa.

Saboda haka, jama'a, shan saiwa na iya rage ƙuncin yini guda. Baƙin cikin da ya haura mako 2, ya hana barci da aiki, cuta ce da ke bukatar likita, kuma jinkiri a kanta kan jawo asarar rai.