Lissafi ba gado ba ne

Jama'a, sau nawa muka ji an ce yaran Japon da lissafi aka haife su? Ba haka ba ne.

Tun a aji 2 na firamare suke haddace jadawalin ninkawa, wato kuku, suna rera shi kamar waƙa. A aji 3 sai soroban, katako mai 'ya'ya kamar na carbi: kowane layi ɗa guda a sama mai darajar 5, huɗu a ƙasa masu darajar ɗaya-ɗaya. Waɗanda suka dage da horo, a hankali sai su ajiye katakon, su riƙa ganinsa a zuci, yatsu na motsi a iska. Wannan shi ne anzan.

To kun gani, yau da gobe ce ta kai su nan. Don Allah mu daina ce wa ƙannenmu "kanka ba ya ja".