Bayan An Ajiye Aiki: Yadda Ƙungiyoyin 'Yan Fansho Suka Samo Asali



Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna, malamai, 'yan'uwa maza da mata da kuka baro birane kuka amsa kiran gida, sannunku da zuwa. An umarce ni in yi magana a kan ƙungiyoyin waɗanda suka ajiye aiki, wataƙila don an ga ni ma na shiga sahunsu.

Litinin ta farko bayan na miƙa makullan makaranta, na yi sammako na sa riga da hula, na ɗauki jaka. Sai da na kai zaure na tuna babu inda za ni. Kowa yakan tambayi ɗan fansho ko kuɗinsa sun fito, amma da wuya a tambaye shi da wa ya yi hira yau.

Turawa sun riga mu cin karo da wannan matsala. A 1965, a garin Welwyn Garden City na Ingila, wani ɗan ƙungiyar Rotary mai suna Fred Carnhill yakan zauna shan kofi da wasu dattawa, akasarinsu mutanen da suka ƙare ƙuruciyarsu suna zirga-zirga zuwa Landan wurin aiki. Sai ya shirya musu taron cin abincin rana. A 1966 wani ɗan Rotary, Harold Blanchard, ya yi irin haka a garin Caterham, kuma a nan aka raɗa wa ƙungiyar suna Probus. Tsarinta ba wuya: a haɗu akalla sau ɗaya a wata, a ci abinci, a saurari mai jawabi, ban da siyasa. Ta isa New Zealand a 1974, Ostareliya kuma a 1976.

Amma labarin da ya fi sosa mini zuciya na Amurka ne, domin mai shi abokiyar sana'ata ce. Ethel Percy Andrus ita ce mace ta farko da ta shugabanci makarantar sakandare a jihar Kalifoniya. Bayan ta bar aiki a 1944, ta je neman wata tsohuwar malama da aka ce ba ta da lafiya. Da ta isa, sai ta iske ta tana zaune a tsohon akurkin kaji, don fanshonta bai isa kuɗin haya ba, balle na magani. Jama'a, matar da ta koya wa 'ya'yan mutane karatu ke nan! Andrus ba ta tsaya a jimami ba. A 1947 ta kafa ƙungiyar malamai masu ritaya ta ƙasa, ta yi ta bin kamfanonin inshora suna juya mata baya, saboda a ganinsu ɗaukar tsoho asara ce, har a 1956 ta samo wa 'yan ƙungiyar inshorar lafiya. A 1958 ta buɗe ƙofa ga sauran 'yan fansho da ƙungiyar AARP, wadda a yau membobinta miliyoyi ne.

Faransa kuwa ta ɓullo ta hanyar ilmi. A 1973 Farfesa Pierre Vellas ya buɗe wa tsofaffi azuzuwa a Jami'ar Toulouse. Da tsarin ya shiga Ingila a 1982, sai dattawan suka riƙa koya wa juna, ba jarrabawa, ba takardar shaida. Tsohon hedimasta irina, wannan rashin jarrabawa ya ɗan dame ni, amma na haƙura.

Wani zai ce mu da muke da zaure da majalisar gindin bishiya, me ya kai mu? Gaskiya ne ga wanda bai bar gida ba. Amma wanda ya yi shekara 35 a Kaduna ko Legas, abokansa na ofis ne, ranar da ya bar kujera suka watse. In ya dawo gida, majalisar da ya bari ta canja, rabin sa'o'insa sun riga mu gidan gaskiya.

Saboda haka, ya shugaba, roƙona ga kwamiti biyu ne. A ba mu ɗaki ɗaya a ofishin ƙungiya, Asabar ɗin farko ta kowane wata. Sannan kowane reshe na birni ya aiko da sunayen dattawansa da suka ajiye aiki, don mu san wanda ya kwana biyu ba a gan shi ba. Littafin rajista ni zan riƙe, tun da aikina ne tun fil azal.